Durƙuson Motar Alhaji Maiwada

Da hantsi Alhaji Maiwada ya sa aka buɗe ƙyauren gareji, ya tarar motar ta sake durƙusawa. Bayanta na hagu ya sauka har bamba ta kusa shafar ƙasa, gabanta kuwa yana sama. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, hannu biyu a baya. Bai kira direba ba, bai ce a nemo makaniki ba. Sai ya bi ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa garejin da tsakar gida, ya je ya tsaya a kan matarsa Atika tana tankaɗe.

"Wa ya shiga motata?"

Ta ce ba ta sani ba, ita ko ƙofar garejin ba ta taɓa ba. Ya ce ai ba ita ya ce ta shiga ba, tambaya ya yi, me ya sa take saurin wanke kanta? Ta sunkuya ta ci gaba da tankaɗenta. Ya dube ta tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, ya juya ya fita ko karin kumallo bai yi ba.

Duk Makarfi babu irin wannan mota, har Ikara da Kudan ma babu. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Amurka, ta wani Baturen auduga ce da ya tattara ya koma ƙasarsu bayan an sauke tutarsu. Tun a hannunsa ta sha duniya, amma Alhaji, da ya yi arziki a mazarƙwaila da barkono, bai ga tsufanta ba, ya ga ƙyallinta. Abin da ya bambanta ta da sauran motoci shi ne ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan roba huɗu take, cike da iska. In an tayar da inji, wani famfo ya yi ta tura iska cikin tanki, daga tanki zuwa jakunkunan, sai ka ga mota tana miƙewa a hankali kamar raƙumi. A watannin farko mutane har taruwa suke yi a ƙofar gida don su ga tashin nan. Da ta fara kwana a tsaye tana wayar gari a durƙushe ta gefe ɗaya, sai aka aika Sabon Garin Zariya aka ɗauko Usmanu makaniki, wanda aka ce shi kaɗai ya taɓa buɗe irinta.

Usmanu mutum ne mai son a san ya sani. Yana kwance a ƙarƙashin mota bakinsa bai huta ba. Ya ce wa Alhaji wannan mota mai hankali ce, tana sanin nauyi. In mutum ya shiga, ta ƙara wa kanta iska. In ya fita, ta saki. In kuwa inji a kashe yake aka yi ta shiga ana fita, iskar tanki ta ƙare, sai ta zauna. Ya ƙara da cewa tana iya yiwuwa kuma wani wuri ne ke yoyo, abin da ya fi yawa ke nan ga tsohuwar mota. Amma kafin ya kai wannan gaɓar, kunnen Alhaji ya riga ya cika.

Dama akwai wata dariya da Alhaji ya adana. Wata rana za su Kudan gaisuwar mutuwa, mota ta faɗa rami ba wanda ya ji ko girgiza, Ya'u direba ya ce in an ɗora ƙwaryar nono a kan kujera ba za ta zube ba. Atika ta yi 'yar dariya cikin mayafi. Shi ke nan, ba a yi komai ba bayan wannan. Amma Alhaji ya girme ta da shekaru masu yawa, ita kyakkyawa ce, 'yar gidan malamai daga Saulawa, in tana tilawa da safe har maƙwabta kan yi shiru, shi kuwa bai wuce 'yan surorin salla ba. Yana sonta ƙwarai, wannan kam ba wanda zai hana shi. Sai dai irin son nan ne da ba ya barin mai shi ya yi barci, kullum yana jin kamar abin ya fi ƙarfinsa, wani zai zo ya gane haka. Kuma garejin da ya fasa katangar gida ya gina yana jikin ɗakinta, yana da ƙyaure ta waje, yana da ƙofa ta ciki. Shi da kansa ya zana yadda za a yi shi. Yanzu in ya dube shi sai ya ga hanya ce ya buɗe da hannunsa.

Ya'u aka fara kora. Ba a gaya masa laifinsa ba, an dai karɓi makulli an ce ya nemi wani wurin. Yaro ne mai baki, ya je tasha yana rantse-rantse cewa bai taɓa ganin ko tafin hannun matar Alhaji ba, alhali ba wanda ya tambaye shi. Daga nan gari ya ɗauka. Alhaji ya kawo wani tsohon direba mai tari, wanda ba ya ganin ramin da ke gabansa balle matar mutane. Mota ta ci gaba da durƙusawa.

Sai Alhaji ya yanko kara ya yi masa tsaga. Duk lokacin da aka ajiye mota ya auna daga ƙasa zuwa bamba, ya jingine karan a bayan ƙyaure, da safe ya sake aunawa. Ya kan buɗe ƙofar baya ya sunkuya yana shinshina kujera. Ya sa aka barbaɗa toka a ƙasan garejin kaf, don a ga sawu. Washegari aka tarar da sawun ƙadangare da na ɓera. Da mai hankali ne, da ya yi dariya ya bar maganar. Alhaji ya ce lallai masu shigowar sun san kan aiki, suna sharewa su sake barbaɗawa. Ya sayo kwaɗo ya maƙala wa ƙaramar ƙofar, ya ba yayarsa Talatu makullin, wadda ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta. Ta ɗaure shi a bakin zane.

Atika tana da ciki a lokacin, ya fara fitowa. Tagar ɗakinta aka fara toshewa da tubali, wai iska tana yi mata yawa. Sannan aka hana 'yan mata masu talla wuce zaure. Matan unguwa da ke zuwa da alluna bayan azahar tana yi musu ƙari, aka ce su dakata sai ta haihu, kuma ba su yi gardama ba, don wasu mazan sun riga sun hana. Ta nemi izinin zuwa Saulawa ta ga mahaifinta, Alhaji ya tambaye ta wa ke jiranta a hanya. Abin da ya fi ci mata rai ba faɗan ba ne. Ranar da mota ba ta fita ba, ko aka yi dace ba ta sauka sosai ba, sai ya shigo da atamfa da turare, ya zauna a bakin gado, ya ce ta yafe masa, shi kansa bai san abin da ke damunsa ba, in bai gan ta ba ji yake kamar an zare masa wani abu a ƙirji. Ta kan tausaya masa da gaske. Da safe ya ɗauki kara ya shiga gareji, ya fito da wata fuskar.

Ta kai kuka wurin Yaya Talatu. Yaya ta ce ta gode wa Allah, akwai matan da mazansu ba su san ko suna gida ko ba sa nan ba. Ta ce ƙaninta tun yana yaro haka yake, ko akuyarsa ba ya so a taɓa, in aka yi haƙuri zai sauko. Atika ta ce, to, ai makulli yana jikinta dare da rana, ita ce shaida, ta faɗa masa ba wanda ke shiga. Yaya ta gyara ɗaurin zane ta ce ta faɗa sau ɗaya, ya tambaye ta ko da ita ake haɗa baki. Ita kuwa tsohuwa ce, ba ta da ɗa namiji, in ta bar gidan nan ina za ta?

Maganar ta kai Saulawa. Malam Lawal, mahaifin Atika, ya ɗaura wa jakinsa akumari ya zo Makarfi da kansa. Ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwa sai da ya gama magana. Ya ce wa surukinsa zargin matar aure ba abin wasa ba ne, shari'a ta sa masa shaidu, in babu shaidu akwai rantsuwa a gaban alƙali, kuma bai taɓa karantawa a wani littafi ba cewa ƙarfe yana ba da shaida. In yana da magana ya fito da ita a je gaban alƙali. Alhaji ya durƙusa har ƙasa, ya ce subhanallahi, shi bai taɓa cewa komai ba, wa ya ji ya ce? Tambaya kawai yake yi a kan dukiyarsa. Malam ya rasa inda zai kama shi. Da ya shiga ciki ya ga ɗakin 'yarsa da duhu da rana tsaka, ya ga yadda wuyanta ya rame, sai ya kawar da kai na ɗan lokaci.

"Ki yi haƙuri, ki riƙe karatunki," in ji shi. "Ni na san wadda na haifa. Ko duk ƙasar Zazzau ta taru ta faɗa, ban ji ba."

Da wannan maganar ta rayu a watannin da suka biyo. Gari ya faɗi abin da ya ga dama, miji ya yi ta aune-aunensa. Muddin tsohon nan na Saulawa ya san ko ita wace ce, tana iya ɗaga kai ta yi salla ta ci abinci.

Toshe tagar ya yi wani amfani da ba wanda ya nufa. Ɗakin ya yi tsit, ba mai shigowa, kunnenta ya buɗe. Akwai wata 'yar tsaga a bangon da ya raba ta da garejin, inda sabon gini ya haɗu da tsoho. In aka dawo da mota aka kashe inji, aka rufe ƙyaure, ta kan ji wani siririn sauti, sss, ba ya tsayawa, daga ƙasa ta gefen da ke kusa da bangonta. Yana ɗaukar lokaci mai tsawo, yana raguwa, har ya mutu. Ta gaya wa Alhaji. Ya ce ashe har ta san sautin motar haka, lallai ta saba da ita.

Da damina ta ja baya, mota ta fara jinkirin tashi, wata rana har ta kunyata Alhaji a gaban baƙi daga Gazara, aka yi ta jira ba ta miƙe ba. Dole aka sake kiran Usmanu. Atika ta zauna a jikin tsagar tana jin komai. Usmanu ya kwance wani noti a ƙasan tanki, ruwa mai tsatsa ya tsiyaye, ya ce shi ne ke cin wurin iska. Ya ƙara wa bel ɗin famfo tauri. Ya sa aka tayar da inji ya saurari famfon, ya ce lafiyarsa lau, yana turawa. Ya duba jakunkunan gaba ya ce za su ƙara shekara. Sannan ya ce saura baya, a kawo masa ruwan sabulu mai kumfa da soso. Ta ji yana yi wa direban nan mai tari bayani: tun iska tana ciki ake yi, a bi bututu ana shafa kumfa a kowace mahaɗa, inda ke yoyo za ka ga kumfar tana kumbura tana hura ƙwai. Yaya Talatu ta leƙo ta ce a kaɗa sabulu. Atika ta tashi da sauri har ta yi tuntuɓe, ta kaɗa sabulun salo a ƙwarya cike da murna. Yaya ta kai har bakin ƙofa.

Alhaji ya ce a mayar. Ya ce tunda tana tashi yanzu, aiki ya ƙare. Usmanu ya ce ranka ya daɗe, ai durƙuson bayan nan bai taɓa shi ba tukuna.

"Bar shi," in ji Alhaji. "Na san abin da ke kawo shi."

Aka kira Alhaji zaure. Usmanu ya tsaya shi kaɗai yana tattara sifanu. Atika ba ta taɓa yi wa namijin da ba muharraminta ba magana a gidan nan, amma ta sa baki a tsagar ta kira sunansa a hankali. Ta ce don girman Allah ya duba bayan hagu, tana jin iska tana fita, ya faɗa wa Alhaji gaskiya. Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ya matso jikin bangon.

"Baiwar Allah, ki rufa mini asiri," ya ce da raɗa. "Na san yoyo ne, tun zuwan farko na sani. Amma mai mota ya ce a bari. In na matsa, gobe ni za a ce. Ina da iyali."

Ya ɗauki jakarsa ya fita da sauri, ko wanke hannu bai tsaya yi ba.

Ta yi kwanaki tana juya abin. Ba ta san mota ba, amma ta san sabulu, ta kuma san inda sautin yake fiye da kowa a duniya. Wata Juma'a Alhaji ya dawo daga gonakin rake da ke wajen Nasarawan Doya gab da lokacin masallaci, aka shigar da mota, aka barbaɗa toka, ya auna da karansa, ya sake riga ya tafi a ƙasa tare da direban nan mai tari. Yaya Talatu ta shiga wanka, ta rataya zanenta a kan katangar banɗaki. Atika ta kwance makullin daga bakin zanen. Ta san abin da take yi. Da ta buɗe kwaɗon ta ga tokar a shimfiɗe lumui har bakin taya, ta tsaya kaɗan, sannan ta yi bisimilla ta taka.

Ƙarfen motar da zafi, ga warin mai. Ta ajiye ƙwarya, ta durƙusa, ta kwanta a gefenta don ciki ba zai bar ta ta yi rub da ciki ba, ta ja jiki ta shigar da kai da kafaɗa a bayan tayar hagu. Ta san motar sauka take yi, a hankali dai, amma a kanta take sauka. Ta shafa kumfa a jikin jakar roba, baƙa mai tsattsagewa, ta jira. Ba komai. Ta shafa a bakinta na sama. Ba komai. Ruwan sabulu yana gangarowa ta hannunta zuwa hamata, toka tana manne mata a kumatu. Ta rufe ido ta bi sautin da kunne, ta miƙa hannu can sama, bayan wani ƙarfe, inda siririn bututu ya shiga wani ɗan akwati da noti. Ta matse soson a wurin. Da ta buɗe ido sai ga kumfa tana kumbura, ƙwai yana fitowa a bayan ƙwai, su fashe wasu su taso. Ta sake matsewa, suka sake tasowa. Dariya ta kama ta da kuka tare, ita kaɗai a ƙarƙashin mota.

Ba ta ji dawowarsu ba sai da ƙyaure ya buɗe haske ya shigo. Alhaji ya zo da mutum uku daga masallaci, abokan ciniki, zai nuna musu mota kafin a ci abinci. Abin da suka gani shi ne sawun mace a kan toka, ƙaramar ƙofa a buɗe, da matar Alhaji a kwance a ƙasa, ɗankwali ya zame. Suka ja da baya suna salati a ciki-ciki. Alhaji ya tura ƙyauren ya rufe, ya rage daga shi sai ita.

"Alhaji, na samo shi," ta ce, ko numfashi ba ta gama mayarwa ba. "Don Allah durƙusa ka gani. Ga shi nan."

Ya durƙusa. Wannan ya kamata a faɗa, don daga baya ya ce bai ga komai ba. Ya sa gwiwa a toka da rigarsa ta Juma'a, ya leƙa inda take nunawa, ta matse soso, kumfa ta hura a gaban idonsa. Ya daɗe yana kallo. Ta ga fuskarsa ta saki, ta ga leɓensa yana motsi, har ta ɗauka zai kira sunanta yadda yake kira a ranakun atamfa da turare. Sai wani daga cikin mutanen da ke waje ya yi gyaran murya. Alhaji ya waiga wajen ƙyauren. Can akwai mutum uku da suka gani, akwai Ya'u da aka kora, akwai tagar da aka toshe, akwai surukinsa da ya yi wa musu a zaure, akwai gari guda da ya san Alhaji Maiwada ba ya kuskure a awo. Ya miƙa hannu ya goge kumfar da hannun riga. Ta sake tasowa kaɗan, ya sake gogewa har wurin ya bushe.

"Wa ya ba ki makulli?" ya ce.

Kafin la'asar ya sake ta. A motar kasuwa aka sa ta, ita da akwatinta da allonta, a kan buhunan barkono, tana atishawa har Ikara. Daga can wani mai jaki ya taimaka mata zuwa Saulawa. Ta ba mahaifinta labari duka, da toka da soso da kumfa. Ya saurara, ya ce Allah ya isa, ya ce gara da ta dawo, gidan ubanta bai yi mata kaɗan ba. Ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ba a yi mako ba Alhaji ya aika a kira Usmanu. A wannan karon ba a nemi ruwan sabulu ba, mai motar da kansa ya nuna wurin da yatsa. Usmanu ya kwance notin, ya ga bakin bututun ya tsage, ya yanke shi, ya buɗa sabon baki, ya ɗaure. Aikin bai kai a dama fura a sha ba. Alhaji ya ce in an tambaye shi ya ce man inji ya zo canjawa. Usmanu ya ce to.

Daga ranar motar ba ta sake durƙusawa ba. Alhaji, da a da ba ya barin ko kaza ta leƙa garejin, ya koma barin ƙyaure a buɗe tun asuba, duk mai wucewa masallaci ko kasuwa ya gan ta tsaye ƙyam a kan ƙafafunta huɗu. Bai ce wa kowa komai ba, shi dama bai taɓa cewa komai ba. Mutane suka yi masa lissafin da kansu: tana nan mota tana durƙusawa, ta tafi mota ta miƙe. Waɗanda a da ke cewa kishi ya taɓa Alhaji suka zo suna ba shi haƙuri. Aka tambayi Yaya Talatu a gidan suna, ta ce ita dai ba ta ga kowa ba, amma makulli kam an ɗauka a zanenta, kuma mota ta daina. Ko kalma ɗaya ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa ta iya barci. Usmanu ya ce shi bakanike ne, abin da aka sa shi yake yi. Alhaji kuwa ya rame, an ce ya kan shiga ɗakin da ya toshe wa taga ya zauna shi kaɗai, kuma ya aika Saulawa a ji ko akwai wanda ke zuwa wurinta. Mutane suka ce dubi yadda yake sonta, ta cuce shi.

Labarin ya isa Saulawa ranar kasuwa, a bakin masu kai barkono. Malam Lawal ya kore su daga zaurensa. Suka sake zuwa wani makon, har da wani dattijo abokin karatunsa, wanda ba ya ƙarya, ya ce da idonsa ya gani. Wannan karon Malam bai kore su ba. Wata safiya Atika ta ga babu jaki a turke, aka ce Malam ya yi sammako zuwa Makarfi. Can ya kwana wurin wani ɗalibinsa, bai shiga gidan Alhaji ba. Ya ga motar da yamma, ya koma ya gan ta da sassafe.

Bayan la'asar ta ranar da ya dawo ya aika a kira ta. Yana zaune a kan buzu, littattafai a gefe, carbi a ajiye. Ta durƙusa da ƙyar don cikin ya tsufa, ta yi masa sannu da hanya, ya amsa, ya tambaye ta jiki. Bai dube ta ba, yana kallon bakin buzun. Ya ce shi bai san mota ba, bai taɓa shiga irinta ba. Ya ce ya tuna abin da ta gaya masa na sabulu. Ta ce ai gyarawa suka yi, Baba. Ya ce ya tambaya, an ce mai kawai aka canja, shi makanikin ma haka ya faɗa. Ya shafa gemu.

"Atika, ni da ke ne, ba wanda ke ji. Tsakaninki da Allah, cikin nan na wane ne?"

Ta ɗago ta dube shi. Ta ga tsoho ne da ya yi tafiya mai nisa a kan jaki, idanunsa sun yi ja, yana so ƙwarai ya yarda da ita.

"Na Alhaji ne, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗauki carbinsa.

"To," ya ce. "Allah ya sa."

Ta dafa bango ta miƙe, ta koma cikin gida. An toshe mata taga a Makarfi, an sa mata kwaɗo, an hana kowa zuwa wurinta wata da watanni, amma ba ta taɓa sanin ita kaɗai ce ba sai a wannan yammacin, a gidan ubanta.